Aikin Dare Ya Rufe Wa Ma'aikata Asusu: Yadda Ake Saita Ayyukan Jadawali

"Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni ke kula da kwamfutocin wani rukunin makarantu masu zaman kansu a nan Kaduna, rassa uku, malamai da sauran ma'aikata wajen 400. Asusun kowa yana cikin Active Directory, kundin asusun shiga kwamfuta na Windows, daga nan yake wucewa zuwa Microsoft 365, inda imel yake. Kullum ofishin ma'aikata yana ajiye mini fayil na sunayen waɗanda ke bakin aiki, ni kuma na saita wani aiki a Task Scheduler, manhajar Windows mai tada ayyuka a kan lokaci, da ke tashi ƙarfe 12 na dare ya karanta fayil ɗin, ya buɗe wa sababbi asusu, ya rufe na duk wanda bai ga sunansa ba. Matsalata uku ce. Wasu dararen aikin ba ya tashi, sai an kawo ƙara nake sani. Sabon ma'aikaci ba ya iya shiga a ranarsa ta farko, sai washegari. Sannan makon jiya muka wayi gari asusu sama da 100 a rufe, har da na mai makarantar. Yanzu Hajiya ta ce ko dai in nemo manhajar da za ta yi aikin da kyau, ko in koma yi da hannu. Don Allah mene ne mafita?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da ƙoƙari, sannu kuma da shan faɗan Hajiya. Duk wanda ya jima a wannan sana'a ya taɓa ganin irin wannan safiyar, waya tana ta ƙara tun kafin ka gama karin kumallo.

In na fahimce ka, kana so ka san ko laifin na kayan aikin ne, a canza su, ko kuwa na yadda aka tsara aikin ne. Ni a ganina na tsari ne, kuma matsalolin nan uku ba uwarsu ɗaya ba. Na farko maganar wuta ce da izinin asusun da ke gudanar da aikin. Na biyu maganar agogo ce. Na uku, wanda ya fi muni, shi ne ka ba aikin ikon yanke hukunci a kan duk takardar da aka miƙa masa, ba ka koya masa ya yi shakkarta ba. Ko ka sayi manhaja mai tsada, waɗannan tambayoyin za ta sake yi maka a shafin saitinta, in ka ba ta amsar da ka ba wannan, sakamakon ɗaya ne.

Kafin mu shiga, ga yadda manyan manhajojin suke raba aikin. Akwai aikin ɗauko canji kawai, wanda ke tashi akai-akai ya tambaya me ya sauya tun zuwansa na ƙarshe. Entra Connect da ke kai asusunku Microsoft 365 haka yake yi duk minti 30 in ba a taɓa saitinsa ba. Akwai cikakken bita, wanda ke ɗaukar kundi biyu, kamar fayil ɗin ma'aikata da jerin asusu, ya gwada su suna bayan suna. Yana da nauyi, shi ya sa ake barinsa sai dare ko ƙarshen mako. Keycloak, wata manhajar kula da asusu, ya ware wa kowannensu gurbin lokacinsa a saitin LDAP, hanyar da yake magana da kundi irin Active Directory, haka ma midPoint, wata manhajar kula da asusun, ta kamfanin Evolveum da ke Silobakiya. Sai kuma ayyukan shara: duba wanda wa'adinsa ya cika, goge tsofaffin bayanai. Kai ka haɗa ukun a tukunya ɗaya, ka ɗora ta kan wuta ƙarfe 12 na dare, ka tafi ka kwanta.

Asusu ɗarin da aka rufe

Ka ɗauka maigadi ne ka ba takarda ka ce duk wanda ba ya ciki kada ya shiga. Ran da ruwa ya jiƙa rabin takardar, maigadi mai hankali zai ce anya, jiya mutum 400 ne, yau 280, bari in tambaya. Kwamfuta ba ta cewa anya sai ka rubuta mata.

Abin da zan fara yi da ni ne a wurinka shi ne in jera sunayen mutanen da aka rufe wa asusu in dube su da kyau, domin su da kansu za su faɗa maka abin da ya faru. Idan duk daga ƙarshen jeri suke, wato irin masu sunan da ya fara da S zuwa Z, to fayil ɗin a yanke yake: aikinka ya karanta shi ana tsakiyar rubuta shi, ko wuta ta ɗauke ana cikin kwafa. Idan duk 'yan reshe ɗaya ne, wani ne a ofishin ma'aikata ya manta da reshen ranar, kuma lissafin ya yi kama da haka, tunda 400 a raba uku ya ɗara 100 kaɗan. Amma shigar Hajiya cikinsu ta sa na fi zargin abu na uku. Idan lambar ma'aikaci tana farawa da sifili, kamar 0012 ko 0087, wani ya buɗe fayil ɗin sunayen (CSV, wato rubutu zalla da waƙafi ke raba bayanansa) da Excel ya sake adana shi, Excel zai ɗauke ta lamba ce ta lissafi ya zubar da sifilin, 0012 ta koma 12. Aikinka ya nemi 0012 bai gani ba, ya ce wannan ya bar aiki. Su wa ke da ƙananan lambobi? Tsofaffin ma'aikata, da mai makarantar kanta.

Kuma ina fata da lambar ma'aikaci kake gwadawa. In da suna ne, ka daina yau. A makaranta ɗaya a Kaduna za ka iya samun mutum uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, ga kuma sunaye irin Mu'azu da Sa'adatu da Ɗanladi, waɗanda waƙafin sama ko harafi mai ƙugiya ke rikiɗewa ya zama wata alama in ba a adana fayil da tsarin adana haruffa na UTF-8 ba. Active Directory yana da gurbi mai suna employeeID, ka zuba lambar a ciki, ita ce igiyar da za ta ɗaure kundin biyu.

Gyaran kansa ba shi da wuya. Kafin aikin ya taɓa kowane asusu, ya yi wa fayil ɗin tambayoyi. Na yau ne ko na shekaranjiya? Layi nawa ne a ciki, nawa ne jiya? Duk rassan uku sun bayyana? Sannan ya ƙirga mutum nawa yake shirin rufewa, in sun wuce iyakar da ka sa, ya tsaya cik bai rufe ko ɗaya ba, ya turo maka jerin. A wuri mai mutum 400 ni goma nake sawa. Lallai ƙarshen shekarar karatu, ko ran da 'yan bautar ƙasa suka gama gaba ɗaya, iyakar za ta kama, aikin ya tsaya. Haka ake so. Ka duba jerin da idonka, ka amince, ka sake shi. Ka kuma roƙi masu ajiye fayil su rubuta shi da wani suna na wucin gadi, sai ya kammala a sauya masa suna zuwa wanda aikinka ke nema. Ta haka ba zai taɓa karanta rabin fayil ba.

Wannan dabarar iyaka ba ƙirƙirata ba ce. Entra Connect yana da ita: idan ya ga za a goge abubuwa sama da 500 a zagaye ɗaya, sai ya ƙi tura gogewar. To amma ka lura, ku 400 ne. Ko an share ku kaf ba za ku kai 500 ba, don haka wannan katangar ba ta kare ku da komai sai ka rage ta zuwa abin da ya dace da girmanku. Kuma gogewa kaɗai take tarewa, ba ruwanta da rufewa.

Ni ma na taɓa shan irin wannan, ta wata ƙofar. A wani kamfani da na yi wa aiki shekarun baya, akwai umarnin da ke karanta jerin ma'aikata daga Active Directory ya rufe asusun duk wanda ba ya ciki a wata manhajar ta daban. Ya yi shekaru lafiya lau. Kwatsam sai mutane suka fara zuwa da ƙara ɗaya-ɗaya, yau wannan gobe wancan, alhali aikin yana nuna ya gama ba kuskure. Sai da na yi kwana biyu kafin na gano cewa yawan asusun ne ya haura 1,000. Active Directory ba ya ba da amsa fiye da 1,000 a tambaya ɗaya sai ka nemi ya riƙa miƙo ta shafi-shafi, wanda ya rubuta umarnin kuwa bai nema ba. Ku ba ku kai nan ba tukuna, amma ran da aka ce a buɗe wa ɗalibai asusu, ka tuna da wannan.

Abu ɗaya ka yi daidai: rufewa kake yi, ba gogewa ba. Ka riƙe wannan. Buɗe asusu bisa kuskure ƙaramin abu ne, rufewa bisa kuskure faɗa ne na safiya ɗaya, gogewa kuwa tana iya tafiya da akwatin imel da izinin manyan fayiloli. Shi ya sa nake raba su aiki uku, kowanne da lokacinsa: buɗewa sau da yawa a rana, rufewa sau ɗaya, gogewa sau ɗaya a wata ga waɗanda suka yi kwana 90 a rufe, kuma sai mutum ya sa hannu. Ka kunna kwandon shara na Active Directory, yana nan tun Windows Server 2008 R2, amma a kashe yake zuwa, kuma ba ya dawo da abin da aka goge kafin a kunna shi. Hattara kuma da matsar da rufaffun asusu zuwa wani rukunin da Entra Connect ba ya dubawa: a wurinsa wannan gogewa ce, Microsoft 365 zai jefa asusun a shara, bayan kwana 30 ya tafi.

Agogo

Maganar sabon ma'aikaci, fara da abu mai sauƙi. Yaushe ofishin ma'aikata ke shigar da sunansa? A wurare da yawa sai ranar da mutum ya zo da takardar kama aiki a hannu ake rubuta shi, ƙarfe tara na safe, aikinka kuwa ba zai sake tashi ba sai tsakar dare. In haka ne, ba kwamfuta ce ta yi laifi ba. Ko dai su riƙa shigar da suna kwana uku kafin ranar, ka buɗe asusun ka bar shi a kulle har ranar ta zo, ko ka sa aikin buɗewa ya riƙa tashi duk awa ɗaya daga bakwai na safe zuwa biyar na yamma. Ka lissafa da minti 30 na Entra Connect a kai kafin imel ya fara aiki.

In kuwa sunan yana shiga da wuri amma duk da haka sai washegari, to duba agogo. Nijeriya tana gaban UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa ɗaya, duk shekara, ba ma ja da agogo baya ba ma tura shi gaba kamar Ingila. Ƙarfe 12 na daren da ya shiga 1 ga wata a Kaduna, a agogon UTC ƙarfe 11 ne na daren jiya. Idan umarninka yana ɗauko kwanan wata da UTC ya gwada da ranar kama aiki, zai ga ranar ba ta yi ba, ya bari sai gobe. Mai barin aiki ma haka, zai samu ƙarin kwana ɗaya. Wannan kaɗai ya isa in ce maka ka bar ƙarfe 12 na dare. Biyu ko uku na dare ya fi, lokacin agogon biyu sun yarda a kan kwanan wata. Ka dai duba kada ya yi karo da lokacin da sabar, wato babbar kwamfutar da aikin ke gudana a kanta, ke kwafe bayananta.

In wata rana ka koma manhajar da ake rubuta mata lokaci da tsarin cron, akwai rami biyu. Cron na Linux gurbi biyar gare shi, ƙarfe biyu na dare shi ne 0 2 * * *. Quartz, wani tsarin jadawali da midPoint da wasu manhajojin Java ke amfani da shi, yana farawa ne da daƙiƙa, sai ya zama 0 0 2 * * ? da alamar tambaya a ƙarshe. Sannan lamba 1 a gurbin ranar mako Litinin ce a Linux, Lahadi ce a Quartz. Na ga wanda ya rubuta 1-5 yana nufin Litinin zuwa Juma'a, aikin ya riƙa tashi Lahadi yana hutawa Juma'a. Rubuta sunan ranar da haruffa, MON-FRI, ka huta.

Kada ka manta da daidaita agogon sabobin da junansu ta NTP, tsarin saita agogo ta hanyar sadarwa. Kerberos, wanda Active Directory ke tantance mutane da shi, ba ya yarda in tazarar agogo biyu ta wuce minti 5. Tsohuwar saba da batirin agogonta ya mutu, wuta ta ɗauke ta dawo, tana iya farkawa da wani kwanan wata can daban, daga nan komai ya tsaya.

Daren da aikin bai tashi ba

Nan sai mu yi maganar wuta, tunda a Kaduna muke. Idan an ɗauke wuta, inbata ta gaji, maigadi bai tada janareta ba, ƙarfe 12 ta wuce sabar tana kashe, Task Scheduler ba zai rama aikin ba sai ka ce masa. A shafin Settings akwai zaɓin da ke cewa a gudanar da aikin da zarar an samu dama in lokacinsa ya wuce. Ka sa masa alama.  Amma ka yi tunani kafin ka kunna wa aikin rufewa wannan zaɓin, domin yana nufin zai iya tashi ƙarfe tara na safe ana tsakiyar darasi. Sai bayan ka sa masa iyakar da muka yi magana. A shafin Conditions kuma akwai wani da ke zuwa da alamarsa tun farko, mai cewa kada aiki ya tashi sai kwamfuta tana kan wutar bango. Don kwamfutar tafi-da-gidanka aka yi shi, amma idan an haɗa UPS da sabar ta wayar USB, Windows na iya ɗaukarsa batir ne, ya ƙi tada aikin duk lokacin da aka ɗauke wuta. Cire alamar.

Sai asusun da aikin ke gudana da shi. Ina zato da asusunka ne na kanka, ko? Yawanci haka nake tararwa. In an saita shi sai mai asusun ya shiga sabar da asusunsa, daren da ka fita daga asusun ba zai tashi ba. In kuma an adana kalmar sirrinka a ciki, ran da ka canza ta aikin ya mutu. Dokar Active Directory ta asali kwana 42 take ba kalmar sirri. Mafita ita ce gMSA, asusun hidima da ya zo tun Windows Server 2012, wanda tsarin da kansa ke canza wa kalmar sirri duk kwana 30 ba tare da kowa ya san ta ba. Ka ba shi izini a kan rukunin ma'aikata kawai. Kada ka mai da shi babban mai iko don gudun wahala. Da asusun Hajiya da na masu kula da tsarin suna wani rukunin da hannunsa bai kai ba, da ba a kira ka da asuba ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne "sai an kawo ƙara nake sani". Mutane da yawa suna sa aiki ya turo saƙo in ya gaza. Aikin da bai tashi ba, wa zai turo saƙon? Juya abin: ya riƙa turo saƙo duk lokacin da ya gama lafiya, da ƙidaya a ciki, layi kaza na karanta, kaza na buɗe, kaza na rufe. Sannan wani abu na daban, a wata na'urar ba wannan sabar ba, ya duba ƙarfe shida na safe, in bai ga alamar daren jiya ba ya buga maka waya ko ya turo tes. Kuma kada 0x0 da Task Scheduler ke nunawa ta ruɗe ka. Ma'anarta shirin ya fita da lambar sifili, shi ke nan. PowerShell, harshen rubuta umarni na Windows, yana iya cin karo da kuskure a tsakiya ya wuce abinsa ya fita da sifili, sai ka umarce shi ya tsaya a kuskuren farko ya fita da wata lambar. Ka leƙa tarihin ayyukan ma, sau da yawa a kashe ake samunsa.

In ka mayar da buɗewa duk awa, kada ka kashe saitin da ke hana sabon zagaye tashi in na baya bai gama ba. Ka kuma rubuta umarnin yadda ko ya gudana sau biyu a jere ba zai buɗe wa mutum ɗaya asusu biyu ba: ya duba ko lambar tana nan kafin ya ƙirƙira.

Akwai abubuwa biyu da ba a jira musu jadawali. Wanda aka sallama da rigima, a take ake rufe nasa da hannu, a kuma katse zaman da ya riga ya buɗe a Microsoft 365, domin rufe asusu ba ya ƙwace takardar izinin da ke hannunsa nan take. Tikitin Kerberos awa 10 yake yi. Masu wa'adi kuwa, 'yan bautar ƙasa da ɗalibai masu koyon aiki, ka sa musu ranar ƙarewa a asusun tun ran da ka buɗe shi, Active Directory zai hana su shiga da kansa ko aikinka ya tashi ko bai tashi ba. In za ka yi aikin farautar asusun da aka daɗe ba a shiga ba, ka sani gurbin lastLogonTimestamp, mai nuna shigar mutum ta ƙarshe, yana iya yin baya da kwana 9 zuwa 14, don haka kada ka yanke hukunci da shi a kan ƙasa da wata ɗaya, kuma ka tuna da dogon hutu da masu hutun haihuwa.

Batun sayen manhaja, ga mutum 400 da tushen bayani ɗaya, ni ba zan ce ku kashe kuɗi yanzu ba. Ran da kuka ƙara ɗalibai, da manhajar sakamakon jarrabawa, da ta albashi, kowacce da nata asusun, lokacin ne irin su midPoint ke biyan wahalar koyonsu, tunda suna zuwa da tarihin kowane zagaye da wurin gwaji. Komawa hannu kuwa shi ne ke barin asusun malamin da ya tafi tun bara a buɗe. Fayil ɗin nan ma bayanan mutane ne da Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta shafa, kada ya zauna a wurin da kowa ke iya buɗewa.

Ban ga sabarka ba, ban karanta umarninka ba, don haka zargin sifili zargi ne har sai ka gwada. Shawarwarin nan kuma na wuri ne mai girman naku. Banki ko jami'a mai dubban asusu da sabobi da yawa tsarinsu ya wuce wannan. Ka je wa Hajiya da roƙon mako biyu. A cikinsu ka kashe ɓangaren rufewa, ka bar shi yana rubuta sunayen da da zai rufe kawai, kullum da safe ka gwada jerin da abin da ofishin ma'aikata ya sani. Idan ka samu fayil ɗin daren da abin ya faru, buɗe shi da Notepad, ba da Excel ba, ka nemi lambar Hajiya ka ga ko sifilinta yana nan.